Kwana huɗu a bakin tekun Gana: kamfani ya yi alkawari, direba ya fitar da su kunya

Gwaggona ta haura shekara arba'in tana aure a Nima, cikin Akra, amma ta yamma ba ta taɓa wuce Kasoa ba. Iyakar tafiyarta Kumasi, sai Kano in an yi rasuwa ko biki. Da muka je gaishe ta ni da maiɗakina, sai na ce ba zan koma rumfata a Kwari ba sai na kai ta ta ga sansanonin nan na bakin teku da Turawa suke tsare bayi a cikinsu a da, waɗanda jikokinta suke zuwa da makaranta su dawo suna ba ta labari. Shiga motar kowa da kowa, wadda suke kira turoturo, bai ma taso ba, don gwiwarta ba ta son matsi. Ɗanta ne ya samo mana wani ƙaramin kamfani a Facebook masu ba da mota da direba. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai ƙorafi a maganata.

Mun shirya a kan kwana huɗu: mota mai kujera bakwai, mai da masauki a wuyanmu, kwanan direba a wuyansu. Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami ta waya. Su kuma suka turo mini jerin wurare goma sha ɗaya ta WhatsApp, tun daga Winneba har Nzulezo, ƙauyen nan da aka kafa a kan ruwa can kusa da iyakar Kodebuwa. A waya jerin gwanin sha'awa. Wanda ya rubuta shi dai ban yi zaton ya taɓa bin hanyar da tsohuwa a mota ba.

An ce ƙarfe shida na safiyar Litinin. Mota ba ta iso ba sai takwas saura. Na riga na cika fam, na shirya maganar da zan yaɓa wa duk wanda ya fito daga cikinta, sai ga wani dattijo Bafante, wato ɗan ƙabilar Fante, ya sauko, ya wuce ni, ya je ya rusuna gaban Gwaggo ya ce, "Mma, sannu da jira. Ka yi haƙuri." Hausar zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji, duk tsawon tafiyar "Hajiya ya gaji" da "Hajiya ya ci abinci?" muka yi ta ji, har maiɗakina ta daina dariya ta fara kwaikwayo. Kirista ne, amma a maƙwabtan zangon Cape Coast ya tashi. Ya ce cikin dare aka dawo da motar daga wata tafiya, shi kuwa ya ƙi ɗaukar mutane sai an duba birki. Na haɗiye maganata.

Wannan lattin ne ya jefa mu cunkoson Kasoa, garin da sunansa kalmarmu ce, kasuwa, aka ɗan lanƙwasa ta. Kasuwar ce kuwa har kan titi. Ga aikin hanya bayan garin, ga ƙura, ga eyakwandishan ɗin motar da yake kai sanyi kujerar gaba kawai. Na baya sai da suka koma fifita da gefen mayafi. Daga Akra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, amma kada mutum ya yi lissafi da kilomita a wannan hanya. Kowane gari da tudun rage gudunsa, ga shingen 'yan sanda, ga manyan motoci masu zuwa Takoradi da Abijan.

A mararrabar Winneba direba ya karɓi wayata ya duba jerin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, kana son ka ga wuri, ko kana son ka ce ka je?" Nan muka zauna a inuwa, muna shan abarba mai farin ciki da mata suke ferewa a bakin hanya, muka soke kusan rabi. Winneba ta fita, tunda bikin farautarsu na Aboakyer sai watan Mayu. Dajin Kakum ya fita, don gadojinsa na igiya da aka rataye a saman itatuwa ba na Gwaggo ba ne. Nzulezo ma ta fita: kamfanin ya sa mu shiga kwalekwale can da safiyar rana ta huɗu, mu kuma kwana Akra a ranar.

Apam muka fara ratsewa. Ƙaramin garin masunta ne, sansanin Turawa yana bisa tudu a kansa. Mutanen Holan suka fara gina shi a 1697, ginin ya ja su shekaru har suka raɗa masa suna Haƙuri. Gwaggo ta kalli hawan ta ce haƙurin ya ishe ta daga nan ƙasa. Direba ya samo mata benci wurin wata mai ƙyafe kifi, mu muka hau. Da muka sauko mun tarar har sun saba, ana ciniki da hannu da ido. Saltpond wucewa kawai muka yi, yana nuna mana da baki cewa a nan aka kafa jam'iyyar neman 'yancin kai ta UGCC a 1947, wadda ta kira Kwame Nkrumah gida ya zama sakatarenta. Sansanin Amsterdam da ke kan tudu a Abandze da na Anomabo ta taga muka gaisa da su, kuma ban yi nadama ba. Duk wanda ya ce sai ya shiga kowane ɗaya, kafin ya kai manyan biyun, na Cape Coast da na Elmina, zuciyarsa ta riga ta dakushe.

A Yamoransa ya tsaya ba tare da an roƙe shi ba. Mata ne jere da tulin dokunu, wato tuwon masara mai tsami, a shuɗayen ledoji, irin na Fante da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, ba irin na Akra mai bawon masara ba. Ya fi tauri, kuma yana kwanaki bai lalace ba. Da soyayyen kifi da yajin shito muka ci shi a masauki da daddare. Maganar abinci ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan: bakin teku ne, kifi ko'ina, kuma da safe direba ya san lungun da 'yan zango suke sayar da koko da ƙosai da wake da shinkafa, wanda duk Gana take kira waakye. Haka sallah. Bai taɓa bari azahar ta kuɓuce mana a hanya ba. Shi yake cewa akwai masallaci a gaba, a tanadi alwala.

Talata muka ba Cape Coast da Elmina, kuma don wannan yinin kaɗai kuɗina sun halatta. Mutanen Suwidin ne suka fara kafa sansani a Cape Coast a 1653, Ingilishi suka ƙwace a 1664, daga nan suka yi ta mulkin yankin har suka mai da hedikwata Akra a 1877. Daga waje fari ne fat, igwoyi sun jeru suna kallon teku. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma ba ya cikin abin da ka biya kamfanin mota, ko da yake ba su faɗa mini ba sai a bakin ƙofa. Jagoran wurin, ma'aikacin gidan tarihi, ya gangara da mu kurkukun maza. Ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ba abin da kake gani sai ɗan haske daga wasu ƙananan kafofi can sama, ga warin danshi, ga rugugin teku ta cikin bango. Ya ce daɓen da muke takawa ba dutse ba ne zalla, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta daskare a kai. A saman wannan ɗakin kuma Turawan suka yi cocinsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya zo lissafa kasuwannin arewa da ake koro bayi daga cikinsu, ya ambaci Salaga ta ƙasar Gwanja. A gidanmu Salaga sunan alfahari ne. Kakan mahaifina fatauci yake yi zuwa Gwanja, ya kai kanwa da baƙin yadi ya dawo da goro, kuma da wannan labarin aka raine mu. Ba wanda ya taɓa gaya mana me kuma ake sayarwa a ɗaya gefen kasuwar. Na waiwaya na kalli Gwaggo, ita ma jikarsa ce. Ba ta ce komai ba, carbinta kawai take ja. Da muka fito ta ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa, sai ga mu tsakiyar masunta suna ɗinkin koma, yara suna ƙwallo a yashi. Direba yana jiranmu da ruwa mai sanyi. Bai tambaye mu yaya muka gani ba, bai kunna rediyo ba har Elmina. Wanda ya kai ɗaruruwan mutane wurin ne kaɗai zai san ya yi haka.

Elmina ba ta kai tafiyar rabin sa'a ba. Ginin ya girmi na Cape Coast nesa ba kusa ba: mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, Holan ta karɓe a 1637, Ingila ta gaje shi a 1872. A nan ne aka nuna mana tsakar gidan da ake fito da mata, gwamna yana tsaye a barandar sama yana zaɓe. Maiɗakina ta fita daga ayarin a wannan gaɓar, ta je ta zauna a bakin ƙofa. Akwai kuma ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can tsibirin Seychelles. Ƙofar fita zuwa jirgi a nan siririya ce, mutum ɗaya ma sai ya karkace.

Kamfanin bai gaya mana cewa masuntan wannan yanki ba sa fita teku ranar Talata ba. Alkawarin "kifi daga cikin koma zuwa kan wuta" da suka rubuta ya sha ruwa ke nan. Amma direba ya ce mu hau gadar da ke kan bakin tafkin Benya mu duba. Kwalekwale ne cunkus, kowanne da fentinsa da tutocinsa da ayar da aka rubuta a gefensa, sun cika ruwan har ba ka ganin ruwan. Da wata rana muka zo, da rabinsu suna teku. Ni da shi muka hau tudun St. Jago, inda Holan ta girke igwa ta ci sansanin da ke ƙasa. Daga can garin duka yana tafin hannunka.

Laraba ce ranar da motar ta nuna halinta. Mun ratse Shama da safe muka ga kabarin Anton Wilhelm Amo, ɗan yankin Axim da aka kai Turai yana yaro, ya zama malamin falsafa a jami'o'in Halle da Jena a Jamus, sannan ya dawo gida ya rasu. Ban taɓa jin sunansa ba sai ranar. Takoradi ba mu tsaya ba sai don shan mai. Bayan Agona Nkwanta, cikin gonakin roba, tayar baya ta yi faci. Aka fito da ta ajiya, ita ma ba iska. Kusan awa biyu muna gefen hanya, direba ya tare mota ya tafi da taya neman mai faci, ni kuma ina kiran ofishinsu. Sau biyar na kira. Da aka ɗauka, wata yarinya ta ce manaja ya fita, in turo saƙo. Har yau ba a amsa saƙon ba. Kuɗin facin daga aljihun direba ya fita, sai da na matsa masa ya karɓi nawa.

Mun isa Axim la'asar sakaliya, hadari ya haɗo. Yankin ya fi ko'ina ruwan sama a Gana, kuma ya tabbatar mana. Sansaninsu na 1515 a guje muka zaga shi, mu kaɗai, ba wani baƙo. Muka juyo muka kwana Busua. Masaukin da kamfanin ya ba da shawara a can na masu shan giya da kiɗa ne har tsakar dare. Direba ya leƙa ya fito ya ce, "Wannan ba na Mma ba ne," ya kai mu wani ƙarami a bayan gari mai tsabta, kuma ya fi araha. Da asuba Gwaggo ta ce a kai ta bakin ruwa. Ta tuɓe takalmi, ta riƙe hannun maiɗakina, igiyar ruwa ta zo ta rufe mata idon sawu ta janye yashin ƙarƙashin ƙafarta. Ta yi salati da ƙarfi, sannan ta ce a bari wata ta sake zuwa. Shekara arba'in tana zaune a garin da ke bakin teku, ranar ta fara taɓa shi.

Komawa Akra ta cinye ranar Alhamis ɗungurungum, ka ga inda Nzulezo za ta shiga.

Wanda zai ɗauki irin wannan mota, ya sa a rubuta masa maganar mai. Mun yi da baki cewa za a kawo ta cike in mayar da ita cike. Da kwata aka kawo ta, na mayar da ita sama da rabi, aka ce za a turo mini bambancin, yau wata na uku. Ya buɗe bayan mota ya danna tayar ajiya da hannunsa kafin a tashi, ya zauna a kujerar baya ya ji ko sanyi yana kaiwa. Ya tambayi kuɗin shiga wurare tun a gida, ya riƙe takardun sidi a aljihu don ba ko'ina ake karɓar na waya ba. In da hali kuma ya nemi a haɗa shi da direban ya ji muryarsa kafin ya biya ko sisi.

Kamfanin ba zan koma musu ba. Lambar direban kuwa tana wayata, tana wayar Gwaggo. Ta riga ta kira shi da kanta, wai bayan sallah zai kai ta Assin Manso ita da ƙawayenta biyu na Nima, su ga rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su teku. Ta ce in turo kuɗin mai.