Gishirin Gerand ko na Balma?

A Gerand, bakin tekun yammacin Faransa, har yau da hannu ake haƙar gishiri. Suna shigo da ruwan teku cikin ƙananan tafkunan yumɓu, yana gangarawa daga wannan zuwa wancan, rana da iska na shanye shi. Daga Yuni zuwa Satumba sai su jawo gishirin da doguwar sanda mai katako a kai. Yumɓun ne ke ba shi launin toka. Ruwan sama kuwa yakan ɓata musu aikin kwanaki.

Balma, a hamadar Nijar, babu teku. Ruwa mai gishiri ke tsattsafowa cikin ramuka, rana ta busar da shi. Gishirin iri biyu ne: beza na miya, kantu na dabbobi, ayarin raƙuma ya ratso hamadar Tenere da su zuwa Agadas.

Ni a Kaduna na Balma nake zaɓa: ya fi kusa, ya fi sauƙin kuɗi, makiyayanmu sun san shi. Amma dukansu biyu sinadarin aidin da ke cikinsu kaɗan ne, don haka gidan da ke da yara kada ya rasa gishirin leda mai aidin, saboda maƙoƙo.