Sharhina kan metilin bulu da wankan ruwan daɗi ga sabon kifin teku

Masu ajiye kifin ruwan gishiri a gida, in kuna tambaya ko kwalbar metilin bulu, wato shuɗin maganin nan da ake yi wa kifi wanka da shi, ta cancanci kuɗinta, eh ta cancanta, amma fa ba za ta maye muku gurbin tankin killacewa ba, wato tankin da ake ware sabon kifi a ciki kafin ya shiga babban tanki, wannan in fara faɗa tun kafin mu yi nisa. Ta kamfanin Kordon nake amfani da ita, mai ƙarfin kashi 2.303 cikin ɗari, kuma ta daɗe a hannuna don kaɗan ake zubawa.

Kifina daga Legas ake turo min zuwa Abuja, kuma yawancin irin waɗannan kifayen asalinsu daga Indonesiya ko Filifin aka kamo su, to ka duba irin wahalar da suka sha a leda kafin su iso. A cikin ledar nan amoniya, gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi, taruwa take yi, muddin ledar tana ɗaure pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a ƙasa yake gubar ba ta cika aiki ba, kana buɗewa iska ta shiga pH ya tashi sai amoniyar ta koma mai ƙona wajen numfashin kifi. Anan ne metilin bulu ya burge ni wallahi. Nakan haɗa ruwan gishiri sabo a bokiti, zafi da gishiri daidai da na ledar, in sa famfon iska, in zuba maganin, in bar kifin wajen minti 30. Kifin da ya iso yana haki kamar zai tafi sai ka ga numfashinsa ya fara daidaita, don maganin yana taimaka wa jini ɗaukar iskar oksijin. Ma'aunin da ke jikin kwalbar ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne a galan 10, wajen lita 38 kenan. Akwai wani ma'auni mai ƙarfi sosai na tsomawa a cire, shi wannan sakan 10 ne kawai, don Allah kar a haɗa su biyun a rikice.

Wankan ruwan daɗi kuma daban ne, kuma ba na yin sa ranar da kifi ya iso, sai ya huta ya fara cin abinci. Ruwa mara gishiri, mara kulorin, zafinsa ɗaya da na tanki wajen digiri 25 zuwa 26, pH ɗin a ɗaga shi ya kai 8.1 zuwa 8.3, a bar iska tana bugawa a ciki tun kafin a sa kifi. Minti 3 zuwa 5, ba a wucewa. Ruwan fiya wata ko na bohol kar a ɗauka ya yi daidai haka kawai, a auna, don da yawa pH ɗinsu ƙasa yake. Bokiti mai duhu nake so saboda in akwai tsutsotsin nan masu faɗi da ake kira Neobenedenia, a jikin kifi ba ka ganinsu ko kaɗan, amma ruwan daɗi na taɓa su sai su yi fari su zubo ƙasan bokiti kamar ƙwayar riɗi. A jikin wani kifi da ake kira tang na fara ganin haka kuma gaskiya raina ya sosu, kifi yana ta susar jiki a dutse idonsa ya yi hazo ashe abin da ke cinsa kenan. A cikin wankan kifin yakan kwanta a gefe da farko, wannan an saba gani, amma in ka taɓa shi bai motsa ba ko ya fara zabura yana neman tsalle, ka cire shi nan take. Kuma a rufe bokitin.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne su ɗauka an yi wanka an gama. Ciwon farin ɗigo na teku, Cryptocaryon, ƙwayar tana shigewa ƙarƙashin fata ne, ruwan daɗi ba ya isa gare ta, metilin bulu ma haka. Ciwon Amyloodinium mai kama da ƙura a jiki wankan na rage shi kifi ya samu ya yi numfashi, amma ba ya gamawa da shi. Su tsutsotsin ma ƙwansu na nan, sai an bi da maganin tsutsa firazikwantel irin su PraziPro a maimaita bayan kamar mako guda. Farin ɗigo kuwa maganin tagulla ne a tankin killacewa na makonni, ana auna shi kullum, kuma in maganin tagullar mai suna Cupramine ne kar a kuskura a zuba masa maganin ɗaure amoniya a kai, yana mai da tagullar guba. Kifin kilawun (clownfish) mai ciwon fata na Brooklynella shi wankan sinadarin fomalin ake masa, minti 45 zuwa 60 da iska mai ƙarfi, ni dai ba na son taɓa fomalin sai dole, yana jawo kansa, safar hannu da buɗe taga wajibi ne.

Shi metilin bulu halinsa ne rini, duk kamfanin da ya yi shi. Hannu, riga, tayil, robar iska, silikon ɗin kusurwar tanki, duk sai ya mai da su shuɗi, don haka a ware masa bokitinsa da ragarsa. Kar a zuba shi a babban tanki sam, yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani na cikin na'urar tace ruwa, murjani ma ba ya jure shi. Sannan mu nan da wuta ke ɗaukewa ba sallama, duk wanda zai yi wankan nan ya tanadi famfon iska mai batir a kusa kafin ya sa kifi a bokiti, ruwan nan kaɗan ne kuma da zafin garinmu iskar cikinsa saurin ƙarewa take yi.