Yaro ya yi ƙiba: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka da lokacinka?

A Damagaram, wanda ya ce ƙibar yaro matsala ce kallon mara godiya ake yi masa. Gari ne da ya san tamowa, bai kuma manta da yunwar 2005 ba, don haka kumatu da wuya mai guru alamar wadata ce. Amma a Birni da Zango da Sabon Gari akwai gidajen da yaro ɗan shekara goma ke haki in ya hau bene, ya daina fita ƙwallo, a makaranta kuma sunansa ya koma "Tulu". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160, ƴan shekara 5 zuwa 19, na fama da ƙiba mai cutarwa, kuma ba a Turai da Amurka kaɗai suke ba.

Uban da ya tashi neman mafita zai tarar da haja iri-iri, kowane mai talla da sikeli yake rantsuwa. Ni ba da shi nake auna su ba. Abin da nake tambaya shi ne: bayan shekara biyar, wane irin yaro wannan hanya za ta bar maka? Mai shiga cikin tsaransa kai tsaye, ko mai ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa? A 2003 wasu likitoci a San Diyego ta Amurka sun tambayi yara masu matsananciyar ƙiba yadda suke jin daɗin rayuwarsu, amsar ta zo kusan daidai da ta yaran da ke jinyar ciwon daji. Nauyin da ke zuci ya kai na jiki.

Mafi araha a ido shi ne shayin rage teɓa, wanda ake tallarsa a WhatsApp da Facebook da teburan masu magani a kasuwa. Yawancinsa maganin sa gudawa ne irin su filasko: ruwa ke fita, kitse na nan. Mafi muni, an sha kama irin waɗannan kaya an cakuɗa su da sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Ga yaro kam, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Hanya ta biyu ba a biya ko dala, amma ita ce mafi tsada: horon yunwa. Ga yadda takan kasance. An zuba shinkafa da wake a babban tire, yayye da ƙanne sun kewaye, shi kuma an miƙo masa ɗan kwano can gefe da kwaɗon zogale. Ya ɗaga kai, ƙanwarsa ta ƙunshe dariya. Wani yaya ya ce, "Ci a hankali, kada ka haɗiye kwanon." Uwa ta yi kamar ba ta ji ba, don a ganinta zolayar ma za ta zaburar da shi. Gobe da dala ashirin ɗin da aka ba shi na makaranta, fanke da lemo zai saya ya ci a bayan aji, shi kaɗai, da sauri. An koya masa abu biyu: cin abinci laifi ne, kuma gida ba wurin fakewa ba ne. Binciken da Dianne Neumark-Sztainer ta jagoranta a Minesota ya bi dubban matasa shekara da shekaru, ya nuna cewa masu takura wa kansu abinci sun fi ƙara nauyi daga baya, waɗanda ake zolaya a gida saboda jikinsu kuma sun fi faɗawa baƙin ciki da cin abinci ba kan gado.

Sai motsa jiki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 60 a kullum ga ƴan shekara 5 zuwa 17. Shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa, amma yana gyara barci, yana wartsakar da rai, yana samar da abokai. Abin lura shi ne mai horarwa. Je ka tsaya bakin fili yini guda kafin ka kai ɗanka. In yaro mai jiki kullum gola ake tura shi, ko shi ne abin dariyar koci, nemi wani wuri. Kokawa tana da wata falala a nan: a garin da ke da filin Langa-Langa, inda yara suka tashi suna jin labarin gasar takobi, wato babbar kokawar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, girman jiki abin alfahari ne, kuma yaron da aka saba yi wa dariya zai iya jin an yi masa kirari. Ƴan mata ne ake mantawa da su. Da zarar yarinya ta fara girma sai a ce ta zauna gida, alhali tsallen igiya da gaɗa a tsakar gida, da taka ƙafa zuwa Islamiyya maimakon hawa kabu-kabu, duk suna cikin lissafi.

Masu hali sukan ji labarin allurar rage ƙiba, semaglutide, wadda Amurka ta amince a yi wa ƴan shekara 12 zuwa sama a ƙarshen 2022. Tana aiki, amma tana da tsada, tana son sanyin firji da idon likita, kuma in an daina nauyi yakan dawo. Wadda ɗan kasuwa ya ɗauko a jaka cikin zafin Afrilu ba abin sa wa yaro ba ce.

Hanyar da na fi ba wa ƙarfi ita ce gida duka ya canza tare. Wani masani a Amurka, Leonard Epstein, ya gwada ta da yara ƴan shekara 6 zuwa 12, ya bi sawunsu shekara goma. Sakamakon da ya fitar a 1990 ya nuna yaran da aka haɗa su da iyayensu a cikin shirin sun fi waɗanda aka sa wa ido su kaɗai rage ƙiba. A wani rahoton nasa na 1994, kusan kashi 30 cikin 100 sun fita daga sahun masu ƙiba bayan shekara goma. A lura, wannan na nufin mafi yawa ba su fita ba, kuma duk mai yi maka alkawarin da ya wuce haka talla yake yi. To ina ribar sauran? A 2019 Hiba Jebeile da abokan aikinta a Sidni ta Ostareliya sun tattara bincike masu yawa, suka ga cewa shirin da ƙwararru ke tafiyarwa yana rage alamun baƙin ciki da fargaba ga yara, bai kuma ƙara musu rikicewar cin abinci ba, abin da mutane da dama ke tsoro.

Tsarin Epstein ya raba abinci kamar fitilar kan titi: kore a ci a ƙoshi, rawaya a ci daidai, ja sai lokaci-lokaci. A tukunyarmu, zogale, rama, yakuwa, kabeji da tumatir kore ne. Tuwon gero, dambu, wake da fura mara sukari rawaya ne. Lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, fanke, alkaki da nakiya ja ne. Ba a ce an haramta alkaki a Damagaram ba, wa zai yarda? An dai mai da shi na Salla da biki. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35, don haka gidan da ya daina ajiye shi a firji ya ci rabin yaƙin ba tare da an ambaci sunan yaro ba. Sharaɗin shi ne tire ɗaya, doka ɗaya. In maigida yana shan shayi mai sukari huɗu a gaban yaron da aka hana, shiri ya rushe.

Kuɗin wannan hanya lokaci ne. Kwamitin ƙwararru a Amurka ya ce sai an yi zama na aƙalla awa 26 cikin kimanin shekara guda kafin a ga amfani sosai. Zuwa asibiti sau ɗaya a karɓo takardar "kada ka ci kaza da kaza" bai isa ba. Saboda haka in ka je asibitin unguwa, ko Babban Asibitin Zinder, ko wajen likita mai zaman kansa, tambayi abu uku: sau nawa za mu dawo, su wa za su zo tare da yaron, kuma a gaban wa za a ɗora shi kan sikeli. Wanda ya ce a zo da uwa da uba, ya tambayi yaron yadda yake ji a makaranta, ya auna shi a keɓe, shi ne naka. Wanda ya buɗe baki da "Kai, wannan ai buhu ne!" a gaban layi, ɗauki ɗanka ka fita. Sau da yawa ma ga yaro mai tasowa ba ramewa ake nema ba, ana so ne nauyi ya tsaya tsawo ya cim masa.

Akwai kuma kaka, wadda babu shirin da zai yi nasara in ba ta ciki. Ita ce za ta ce, "Ku bar mini maigidana ya ci, jikin gado ne." Gardama da ita ɓata baki ne. Abin da ya fi shi ne a ba ta matsayi: "Inna, likita ya ce sukari ne ke neman kama shi, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki riƙa dama masa furar nan da hannunki, ba sukari." Kakar da aka naɗa mai tsaro ta fi kowa tsanani.

Wasu alamu kuma ba sa jiran wani shiri, likita ake fara gani. Baƙin fata mai kauri a bayan wuya, wanda iyaye mata ke gurzawa da soso suna zaton dauɗa ce, yakan nuna jiki ya fara gardama da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Haka minshari mai ɗauke numfashi, yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko yaro yana faɗi amma tsawonsa ya tsaya. In kuma an taɓa ba shi ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksa tun yana ƙarami, a faɗa wa likita gaskiya, kuma in har yanzu yana sha kada a yanke masa rana ɗaya, don irin wannan magani a hankali ake janye shi.