Gwajin Kufa ko gwajin bif, wanne za ka yi don auna numfashinka?

Samari da yawa a Samaru da Sabon Gari masu shirin shiga soja ko zuwa gwajin ƙwallo suna tambayata wane gwaji ne zai nuna musu ƙarfin numfashinsu ba sai sun je asibiti an sa musu abin rufe hanci a kan injin gudu ba. Ni dai tun farko in faɗa, na Kufa nake so.

Wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, wato Kufa, shi ya fito da gwajin a 1968. Gudu za ka yi na minti 12 cif, ka ga iya nisan da ka ci. Shi ke nan. Ka samu filin tsere mai zagaye mita 400 irin na jami'a, ka ba abokinka waya ya riƙe maka lokaci yana ƙirga zagaye. Ka cire 504.9 daga mitocin da ka yi, ka raba da 44.73, abin da ya fito shi ne kiyasin oksijin da jikinka ke iya ci. Zagaye shida, wato mita 2,400, zai ba ka kusan 42, zagaye bakwai kuma wajen 51. Wahalarsa ɗaya, in ka fizga da ƙarfi a zagayen farko to wallahi a minti na bakwai ƙafa za ta ƙi, sai ka yi sau biyu ko uku kafin ka gane takunka. Kuma ka fita bayan sallar asuba, ranar Zariya ta watan Afrilu ba ta da wasa, ƙurar hunturu ma tana shaƙe ƙirji.



Shi kuwa gwajin bif, na kai da komo a mita 20 kana bin ƙarar sauti, yana farawa a hankali yana ƙara sauri kusan duk minti, ba shi da laifi a kansa amma nan aka cuce ni. Wani mai kiran kansa koci ya karɓi kuɗinmu, ya auna filin da taku, ba tef, ya kunna sauti daga wata tsohuwar sifika. Duk muka ci maki mai yawa muna murna. Da na koma da tef ɗin tela na auna tsakanin duwatsun da ya ajiye, mita 17 ne da ɗan kai! Wata uku ina yawo da lambar ƙarya.

Don Allah duk wanda bai fito da tef a gabanka ba kar ka ba shi ko sisi. Sautin da ake turawa a WhatsApp ma ka gwada shi da agogo tukuna. Haka agogunan hannu masu arha da ke nuna maka lambar ƙarfin numfashi kana zaune a shago, ƙarya ce. Mai cewa zai ba ka takardar sakamako da za ta shigar da kai soja kuwa ɗan damfara ne, a wajen tantancewa da ƙafarka za ka yi gudun.