Crew Dragon na SpaceX: kumbon ya iya aikinsa, saura a san abin da ake kai mutane yi

Daga Yulin 2011, lokacin da Amurka ta jingine kumbunanta na Space Shuttle, har zuwa 30 ga Mayun 2020, duk ɗan sama jannatin hukumar NASA da zai je Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa sai ya bi ta Baikonur, cibiyar harba roka da ke Kazakhstan, ya hau kumbon Soyuz na Rasha. Kuɗin kujera kuwa ya yi ta hawa har ya kai wajen dala miliyan 90. Wannan giɓin Crew Dragon, kumbon ɗaukar mutane na kamfanin SpaceX, ya zo cikewa. A Satumban 2014 NASA ta ba kamfanoni biyu kwangila a kan farashi tsayayye: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX dala biliyan 2.6. A wannan tsarin kumbon ba na NASA ba ne. Kamar mai shiga motar haya take: ta biya kuɗin kujera, motar da gyaranta suna wuyan mai ita, kuma yana da damar ɗaukar wasu fasinjoji.

Kumbon gida biyu ne. Na sama shi ne ɗakin mutane, faɗinsa mita 4, an tsara shi da farko don mutum bakwai amma huɗu yake ɗauka. Na ƙasa akwati ne marar iska da aka lulluɓe rabin jikinsa da faifan sola, shi ke ba da lantarki yana kuma fitar da zafi, kuma ba ya dawowa, yar da shi ake yi. Idan an haɗa su tsayinsu ya ɗan haura mita 8. Ƙananan injuna 16 masu suna Draco ke juya kumbon da sauya masa hanya a falaki. Manya guda takwas, SuperDraco, suna cikin bangon ɗakin, babban aikinsu shi ne su fizge ɗakin daga jikin roka idan ta lalace. Wannan ne babban abin da ya fi Shuttle da shi, domin Shuttle ba shi da hanyar tsira a mintocin farko na tashi, abin da ya ci rayuka bakwai a hatsarin Shuttle mai suna Challenger a 1986. An gwada wannan fizgewar a sama ranar 19 ga Janairun 2020, ana tsaka da gudu, ɗakin ya rabu ya sauka lafiya yayin da rokar ta tarwatse.

Ranar tafiya, ana ɗaure mutane a kujerunsu fiye da awa biyu kafin lokaci. Kowace rigar 'yan sama jannati tana da igiya guda a cinya wadda ke kawo iska da sadarwa, ana hura rigunan a tabbatar ba sa yoyo, a rufe ƙofa a sake gwada ta. Sai abin da ya fi jawo gardama a tsarin SpaceX: ba a zuba wa rokar Falcon 9 mai sai mutane suna ciki. Ana janye gadar shiga, a kunna na'urar tsira, sannan saura minti 35 a fara ɗura kananzir na musamman da ruwan oksijin. Dalili shi ne ana sanyaya su ƙwarai don su taƙure tanki ya ɗauki da yawa, kuma idan suka daɗe a tsaye za su ɗumama amfanin ya tafi. Masu ba NASA shawara sun nuna rashin amincewa da hakan, musamman bayan wata Falcon 9 ta kama da wuta a dandamali ana cikin ɗura mai a 1 ga Satumban 2016. An sake fasalin tankunan iskar hiliyom da suka jawo gobarar kafin NASA ta yarda. A ganina hujjar kamfanin tana da ƙarfi: gara mutum huɗu a ɗaure cikin ɗakin da zai iya tserewa da su, da a ce ma'aikata suna kai-komo a jikin rokar da ta riga ta cika da mai.

Injuna tara ke ɗaga rokar. Bayan kamar minti biyu da rabi kashin farko ya rabu ya koma ƙasa don a sake amfani da shi, kusan minti tara an shiga falaki da gudun kilomita 28,000 a awa. Lokacin tashi ba ya ɗaukar jinkiri ko na minti ɗaya, saboda dole hanyar tashar ta zo daidai saman Florida, kuma dole teku ya lafa a tsawon hanyar da za a bi a saman Atlantika, tunda nan za a faɗa idan an fizge ɗakin. Shi ya sa ɗage tafiya ya zama ruwan dare, wanda ya sayi kujera sai ya sa haƙurin kwanaki cikin lissafinsa. Isa tashar, mai nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa, yakan ɗauki wajen kwana guda, kuma kumbon da kansa yake manne wa ƙofa. Akwai allunan taɓawa uku da matuƙi zai iya karɓar tuƙi da su idan kwamfuta ta rikice.

Matsalolin da aka samu su suka fi nuna halin kamfanin. Mafi muni ita ce ta 20 ga Afrilun 2019, da kumbon da ya dawo daga gwajin farko ya tarwatse a ƙasa ana gwajin injunan SuperDraco, babu kowa a ciki. Ɗan sinadarin da ke ƙona mai ne ya sulale ta bawul ya shiga bututun hiliyom. Da aka saki iska mai matsi, sai ta harba wannan ruwan da ƙarfi cikin wani bawul na ƙarfen titaniyom, ya fashe ya kama wuta. Gyaran shi ne aka cire waɗannan bawuloli aka sa faifan da ke toshe bututun gaba ɗaya, ba ya buɗewa sai matsi ya fasa shi. Bayan tafiyar Bob Behnken da Doug Hurley, mutanen farko da kumbon ya ɗauka, a 2020 an ga garkuwar da ke kare ɗakin daga zafin dawowa ta cinye fiye da zato a wuraren da ɗaki ke haɗe da akwatin ƙasa, aka ƙarfafa wurin. A 2021 bututun fitsari ya ɓalle daga inda aka liƙa shi da gam a tafiyar fasinjoji masu zaman kansu ta Inspiration4, fitsari ya taru a ƙarƙashin daɓe. Da aka duba kumbon da ke manne a tashar sai aka tarar da irin wannan, dole ayarin da ya kai can, Crew-2, suka dawo a Nuwamba ba tare da amfani da banɗaki ba, sanye da kunzugu. Aka koma walda bututun. A wannan saukar kuma ɗaya daga lemomi huɗu masu rage gudun sauka ta yi jinkirin buɗewa fiye da minti guda, ko da yake uku ma sun isa sauke ɗakin.

Wadda ta fi damuna ita ce ta akwatin ƙasa. An ɗauka zai ƙone ƙurmus idan ya shigo iska, sai ga manyan ɓaraguzansa a gonakin Ostireliya a 2022, sannan a Kanada da jihar North Carolina a 2024. Allah ya kiyaye ba su faɗa kan kowa ba, amma an ɗauki shekara biyu ana ganin abin kafin a sauya. Daga 2025 aka mayar da sauka tekun Pasifik kusa da California, ana riƙe akwatin har sai an taka birkin fita daga falaki, don ya faɗa ruwa a inda aka sani.

Saukar ita kanta tana da wuya a jiki. Zafin garkuwa yana kaiwa wajen digiri 1,900 a ma'aunin Celsius, sadarwa ta yanke na 'yan mintoci, mutumin da ya yi wata shida ba nauyi ya ji nauyinsa ya ninka kusan huɗu. Ƙananan lemomi biyu su buɗe a sama da kilomita biyar, manyan huɗu a kusan kilomita biyu, a bugi ruwa da gudun kilomita 25 a awa. Ba a buɗe ƙofa sai an shinshina da na'ura an tabbatar babu tururin mai, domin guba ne.

Ta fuskar kuɗi, ofishin babban mai binciken NASA ya ƙiyasta a 2019 cewa kujerar Dragon za ta tsaya a kan dala miliyan 55, ta Starliner na Boeing kuma miliyan 90. Starliner ya ɗauki mutane karon farko a Yunin 2024, ya yi yoyon hiliyom, biyar daga ƙananan injunansa 28 suka ɗauke yana dab da tashar. NASA ta dawo da shi babu kowa, Butch Wilmore da Suni Williams da suka tafi a cikinsa don kwana takwas suka yi kwana 286, Dragon ne ya dawo da su a 18 ga Maris ɗin 2025. Wannan yabo ne ga SpaceX, amma rauni ne ga tsarin, tunda an ba kamfani biyu aikin ne don kada a dogara da ɗaya. Duk ranar da aka dakatar da Falcon 9 don bincike, kamar yadda aka yi a Yulin 2024 bayan yoyon oksijin a kashi na biyu, Amurka ba ta da wata ƙofa sai Soyuz.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ya danganta da abin da aka je yi, kuma a nan ne masana suka rabu. Masu adawa da tura mutane suna da hujja mai nauyi. Tashar tana cin NASA kusan dala biliyan uku a shekara, alhali na'urar Perseverance da ke yawo a duniyar Mars gaba ɗayanta ba ta kai biliyan uku ba, kuma ba ta shan ruwa ba ta numfashi. Opportunity, wata na'urar Mars ɗin, an tsara ta don kwana 90, ta yi aiki daga 2004 zuwa 2018. Idan ilimin taurari da duniyoyi ake nema, na'ura ta fi arha nesa ba kusa ba. Masu goyon baya su ce 'yan sama jannatin shirin Apollo sun kwaso kilo 382 na duwatsun duniyar wata da suka zaɓa da idonsu, yayin da na'urar Chang'e 5 ta Sin ta kawo kilo 1.7 a 2020, kuma da ba hannun mutum ba da madubin hangen taurari na Hubble ya zauna da lahaninsa, sau biyar aka je gyara shi tsakanin 1993 da 2009.

Hukuncina shi ne hujjar tura mutum tana tsayawa ne a wuri guda: binciken mutum kansa da na'urorin da ke raya shi. Ba za a san cewa ƙashin ƙugu yana zubar da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari a wata ba, ko cewa ruwan jiki da ke taruwa a kai yana sauya ƙwayar ido, ko cewa awa biyu na motsa jiki kullum yana rage ɓarnar amma ba ya kawar da ita, sai an ajiye mutum wata shida a can. Haka tace fitsari da gumi su koma ruwan sha, wanda ya kai kashi 98 cikin ɗari a tashar a 2023, bayan shekaru ana fama da injin da ke toshewa. A irin wannan aikin Dragon ya ƙara riba ta zahiri: da kujeru huɗu maimakon uku na Soyuz, mazauna tashar sun koma bakwai, kuma mutum na ƙarin yawancin lokacinsa na bincike ne ba na gyare-gyare ba. Sultan AlNeyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa irin wannan zaman ya yi a 2023.

Gajerun tafiye-tafiye na kamfanin Axiom wani abu ne daban. Saudiyya ta tura Rayyanah Barnawi da Ali AlQarni a Mayun 2023, Turkiyya ta tura nata a Janairun 2024, Indiya da Poland da Hungary a Yunin 2025. Mako ɗaya zuwa uku suke yi, kwanakin farko kuma jiki na fama da jiri da tashin zuciya. Ga Indiya da ke gina nata kumbon mutane, horon ya cancanci kuɗin. Ga ƙasar da ba ta da ɗakunan bincike da za su ci gaba da aikin bayan an dawo, abin da ta saya alfahari ne da zaburar da yara, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Kuɗin kujera ɗaya zai fi amfani a tauraron ɗan'adam mai duba gonaki da ambaliya.

Inda nake ganin ana wuce gona da iri shi ne ɗaukar nasarar Dragon a matsayin alamar an kusa Mars. Kumbon na kusa da gida ne: yana iya zama a manne da tasha kusan kwana 210, amma shi kaɗai 'yan kwanaki yake iya raya mutane. Mafi nisan da ya kai shi ne kilomita 1,400 a tafiyar Polaris Dawn ta Satumban 2024, wata kuwa yana kilomita 384,000. Mai dawowa daga wata yana shigo iska da gudun kilomita 11 a daƙiƙa, ba 7.7 na mai dawowa daga tashar ba. Mars tafiyar wata shida zuwa tara ce a zuwa kawai, saƙo yana iya ɗaukar minti 22 kafin ya iso, kuma awon da na'urar Curiosity ta yi a hanyarta ta zuwa Mars ya nuna cewa zuwa da dawowa kaɗai zai ɗora wa jiki tururin radiyeshan da ya haura iyakar da NASA ta yanka wa ɗan sama jannati a duk rayuwar aikinsa. Babu ɗaya daga waɗannan da arhar kujera ta warware.

Akwai kuma batun inda za a riƙa zuwa. Tashar da mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000 an tsara rufe ta a 2030, kuma SpaceX ɗin aka ba kwangilar har dala miliyan 843 a Yunin 2024 don ƙera kumbon da zai turo ta cikin teku. Tashoshin 'yan kasuwa da ake fatan su gaje ta suna bukatar abokan ciniki da ba gwamnati ba, kuma a sama da dala miliyan hamsin a kujera, masu iya biya daga aljihunsu 'yan ƙalilan ne. Hukumar da ke son sayen kujerar Dragon ta fara neman zaman wata shida, ta hanyar yarjejeniya da NASA ko musayar kayan aiki, ta kuma tanadi gwaje-gwajenta da masu nazarin sakamakonsu kafin ta biya, domin kujerun dogon zama da suka rage kafin 2030 ba su da yawa.