Sharhi Kan Wani Filin Harbin Faifai a Ingila da Yadda Yake Riƙe Kuɗin Gasar da Ba a Karɓa Ba

Filin harbin da zan yi magana a kansa yana cikin karkarar tsakiyar Ingila, kuma tun da aiki ya zaunar da ni a wannan yanki nake zuwa can a ƙarshen mako, wani lokaci don gwajin hannu, wani lokaci don shiga gasa. Idan ana batun harbin kansa, ba ni da abin faɗa sai alheri. Abin da ya sa na ga ya kamata in yi wannan rubutu shi ne yadda ofishin filin yake yi da kuɗin kyautar da mutum ya ci amma bai tsaya ya karɓa ba, domin a nan ne na ga tsarin da rabinsa ya cancanci yabo, rabinsa kuma yana buƙatar gyara, kuma yawancin masu zuwa ba sa sanin akwai shi sai ranar da ya shafe su.

Ga wanda bai san wasan ba, inji ne yake cilla wani ɗan faifai sama, mai faɗin milimita 110, wanda ake haɗawa da garin farin dutse da wani abu mai danƙo irin kwalta, shi kuma maharbi ya yi ƙoƙarin fasa shi da bindigar tsuntsaye kafin ya faɗi. Asalin abin tantabaru masu rai ake saki ana harbi, har zuwa 1921 da majalisar dokokin Birtaniya ta haramta hakan, sai faifai ya gaje wurinsu baki ɗaya. Ƙungiyar da ke kula da wasan a Ingila ita ce CPSA, wadda aka kafa a 1928, kuma ofishinta yana Bisley a gundumar Surrey. Gasar da na fi shiga ita ce ta salon English Sporting, inda ake harbin faifai 100 a tashoshi daban-daban, wani ya tashi kamar tsuntsun da aka firgita, wani ya gitta ta gefe, wani kuma ya gangaro a ƙasa yana tsalle irin gudun zomo, kuma ba a yarda harsashin ya wuce giram 28 ba.

A wannan fanni filin ya yi ƙoƙari ƙwarai. Injinansa ba su cika tsayawa ba, masu tsara faifan suna sauya fasalin tashoshi daga gasa zuwa gasa yadda ba za a haddace su ba, alƙalan wasa kuma ba sa wasa da maganar tsaro, domin ba za ka taɓa ganin mutum yana yawo da bindiga a rufe, wato yadda za ta iya tashi, ba, ko ya shiga tasha ba tare da tabarau da abin toshe kunne ba. Sabon shiga da bai mallaki takardar izinin riƙe bindiga ba yana iya koyo a ƙarƙashin kulawar mai horarwa, kamar yadda dokar makamai ta 1968 ta ba da dama a wuraren da 'yan sanda suka amince da su. Farashinsu bai fi na maƙwabtansu ba.

Kafin a fahimci matsalar, dole a san daga ina kuɗin kyautar yake fitowa. A ranar gasa ana shiga ta hanya biyu. Akwai wanda zai biya kuɗin faifai kawai, a rubuta makinsa a rajistar ƙungiya amma ba ya cikin masu neman kyauta, akwai kuma wanda zai ƙara 'yan fam a kan wannan kuɗi don ya shiga takara. Wannan ƙari shi ake tarawa a raba wa waɗanda suka yi fice a kowane aji, domin ƙungiyar tana kasa maharba aji-aji gwargwadon matsakaicin makinsu na baya, tun daga ajin C na masu tasowa har zuwa su A da AA na gwanaye, sannan a ware wani kaso ga wanda ya fi kowa maki a ranar. A ɗauka misali mutum 40 ne suka shiga takara a ajin B, kowa ya ƙara fam 5, to fam 200 ke nan za a raba tsakanin na ɗaya da na biyu da na uku. Filin ya riga ya ci ribarsa a kuɗin faifai da harsashi da abincin da ya sayar. Wancan fam 200 daga aljihun maharba ya fito, kuma hannun filin a kansa hannun mai ajiya ne, ba na mai dukiya ba. A nan zan ɗan ratse in ce 'yan'uwa Musulmi da ke da shakka kan gasar da masu takara ne da kansu ke tara kyautarta, abin da malamai suka yi doguwar magana a kansa, suna da mafita a hanya ta farko, domin mai biyan kuɗin faifai kawai yana harbi daidai da kowa, kuma makinsa yana shiga lissafi.

Me zai sa mutum ya ci kuɗi ya tafi ya bar shi? Dalilin yana cikin yadda ake gudanar da gasar. Ana fara harbi tun da hantsi, rukuni bayan rukuni, har zuwa la'asar. Wanda ya gama da safe ba zai zauna ya jira na yamma ba, musamman idan tafiyar awa biyu ce a gabansa, kuma ba a sanin wanda ya ci sai an tattara katunan maki gaba ɗaya an sa sakamakon a intanet da daddare ko washegari. Gwanaye sun san matsayinsu, suna bin sakamako ba dare ba rana. Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan ajin C ko B, wanda ya fasa sittin da wani abu ya koma gida yana ganin ranar ba ta yi masa kyau ba, bai san iska ta dami kowa ba, har makin nasa ya kai shi na uku. Idan kuma mutum biyu ko uku suka yi kunnen doki aka raba musu, abin da zai zo hannun kowa bai kai kuɗin man da zai ƙona ya dawo ba. Saboda haka kuɗin da ke kwanciya a ofis yawanci ƙanana ne, na mutanen da ba su saba cin kyauta ba, waɗanda kuma su ne suka fi kowa jin daɗinta idan ta zo.

Abin da wannan fili yake yi shi ne, da an kammala lissafi sai a sa kuɗin kowa a ambulan, a rubuta sunansa da lambarsa ta ƙungiya da ranar gasar, a kulle a ofis, sannan a shigar da shi cikin wani littafi da mai karɓa zai sa hannu a ciki. Na ga amfanin wannan da idona. Akwai gasar da na fito na uku a ajina ban sani ba, sai bayan makonni da na je sayen harsashi matar da ke kan kanta ta ji sunana, ta ce in dakata, ta buɗe littafin ta miƙo mini ambulan ba tare da ko kwabo ya yi ciwon kai ba. Ta kuma tambaye ni ko na fi so a zuba kuɗin a katina na filin in riƙa cire faifai da shi, na ce a ba ni a hannu, ba ta ja maganar ba. Wannan riƙon amana ne, kuma ya kamata a faɗa.

Sai dai da a ce ban koma ba, ko da a ce wata mata daban ce a kan kantar a ranar, babu abin da zai sanar da ni. Filin yana da lambar wayata da adireshina na imel, domin da su nake yin rajistar kowace gasa, kuma ta nan yake aiko mini da tallan rangwamen harsashi da sanarwar gasa mai zuwa, amma bai taɓa aiko da layi ɗaya yana cewa akwai kuɗinka a wurinmu ba. Abin da ya fi wannan damuna shi ne wa'adin. A bayan ƙofar ofis akwai wata 'yar takarda da ta ce duk kyautar da ba a karɓa ba cikin wata shida za ta koma asusun filin. Ba a rubuta wannan a shafin da ake biyan kuɗin shiga ba, ba ya cikin rasit, ba ya kuma jikin allon sakamako. Wani dattijo da muke haɗuwa da shi a gasa, wanda ke zuwa daga wajen iyakar Wales sau ɗaya ko biyu a shekara, ya zo neman kyautar da wani abokinsa ya gaya masa ya ci, aka nuna masa takardar aka ce lokaci ya wuce. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma mutumin ba mabuƙaci ba ne, amma na ga yadda fuskarsa ta sauya, kuma tun daga ranar ban sake ganinsa a filin ba.

Na yi magana da manajan a kan wannan, kuma bai kamata in ɓoye hujjarsa ba, domin tana da nauyi. Ya ce ma'aikatansa kaɗan ne, ajiye tsabar kuɗi a ofishin da ke cikin daji haɗari ne, akawunsa kuma yana so a rufe lissafi a ƙarshen shekara ba tare da tarin ƙananan basussuka suna rataye ba. Ya ƙara da cewa sakamako a fili yake ga duk mai son dubawa. Na yarda cewa ba za a tilasta wa ƙaramin kamfani ya riƙe ambulan har abada ba, kuma sa wa'adi ba laifi ba ne a kan kansa. Inda muka rabu shi ne a kan abu biyu, wato a sanar da mai haƙƙi kafin wa'adin ya cika, kuma kada wanda ya yi shiru ya zama shi ne mai cin ribar shirun.

Ƙasar da filin yake cikinta ba ta rasa misalan da zai duba ba. Cacar ƙasa ta Birtaniya tana ba da kwana 180 a karɓi kyauta, wanda bai ma kai wata shida cikakku ba a mafi yawan lissafi, amma kowa ya san da wa'adin, ana shelar manyan kyaututtukan da ba a karɓa ba, kuma abin da ya rage ayyukan jin ƙai yake tafiya, ba aljihun kamfanin ba. Takardun ajiya na gwamnati masu kyauta, wato Premium Bonds, ba su da wa'adi ko kaɗan. Asusun bankin da aka manta da shi sai ya shekara 15 ba a taɓa shi ba kafin a karkatar da kuɗinsa a ƙarƙashin dokar 2008, kuma ko bayan haka mai shi yana da ikon dawowa ya karɓi abinsa. Dokar 1980 ta ba mai bin bashin yarjejeniya shekara shida ya kai ƙara a Ingila da Wales. Game da takardar bayan ƙofa kuwa, tun a ƙarshen 1948 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Olley da otal ɗin Marlborough Court cewa sanarwar da aka liƙa a ɗakin kwana ba ta cikin yarjejeniyar da aka riga aka ƙulla a wurin karɓar baƙi, tunda baƙon bai gan ta ba sai bayan ya biya. Babu wanda zai je kotu a kan fam 20, kuma ina ganin wannan ne ya sa irin wannan takarda take daɗewa a bango ba wanda ya ƙalubalance ta.

Ni da na tashi a gidan da ake koyar da cewa ko tsintuwa ce sai an yi cigiyarta shekara guda, abin ya fi yi mini nauyi, domin mai tsintuwa bai san mai kaya ba amma an ɗora masa neman sa, shi kuwa filin ga suna ga lamba ga waya a gabansa.

Sauran filayen da na taɓa harbi a cikinsu kowanne da hanyarsa. Akwai wanda yake karɓar bayanan banki tun wurin rajista, ya tura wa kowa kyautarsa cikin mako, kuma a ganina wannan ne ya kashe matsalar tun daga tushe, tunda babu ambulan balle a yi maganar wa'adi. Akwai wanda ba ya ba da tsaba sam, sai dai ya zuba a katin faifai, abin da ke da amfani ga ɗan gida amma ba shi da wani amfani ga baƙon da ya zo daga nesa, kuma a ƙarshe kuɗin a ɗakin filin yake kwana. Akwai kuma wanda yake tara abin da ba a karɓa ba ya miƙa wa ƙungiyar jirgin ɗaukar marasa lafiya ta yankinsa ko ya sa a horar da matasa, ya liƙa adadin a allo kowa ya gani. Wannan na ƙarshe ya fi mayar da kuɗi asusun kamfani nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma sadaka ce da dukiyar wani idan ba a fara neman mai ita ba.

Zan ci gaba da zuwa wannan fili, kuma duk mai son koyon harbi ko shiga gasa a yankin zan nuna masa hanyarsa ba tare da wata fargaba ba. Amma wanda zai biya kuɗin takara ya duba sakamakon ajinsa a daren gasar ko da yana ganin bai yi abin kirki ba, ya tambayi ofis wa'adinsu kafin ya biya, ya kuma ajiye rasit ɗinsa. Idan daga nesa yake, ya nemi a tura masa ta banki, ya sa buƙatar a rubuce ta imel don ranar ta zama shaida. Abin da na roƙi manajan bai wuce uku ba: a rubuta wa'adin a shafin biyan kuɗi, a aika wa duk wanda ya ci saƙo a makon gasar da wani kafin lokaci ya cika, sannan abin da ya rage bayan haka a mayar da shi cikin kyautar gasa ta gaba ko a ba da shi inda maharba suka amince. Ya ce zai kai maganar saƙon gaban masu filin, amma a kan inda ragowar kuɗin zai tafi bai yi mini alkawarin komai ba.