Kafson gangamau don ɓoyayyen kumburi: abin da ke cikin kwalbar da wadda bai kamata ta sha ba

Macen da ta haura arba'in da biyar, al'ada ta fara yi mata wasa, gwiwa na ƙara in za ta tashi daga sujada, ga kasala ga teɓa, ita masu tallar kafson gangamau suka fi nema. Wasu na kiran gangamau kurkum. Ana sayar da shi a kemis da shafukan Instagram da sunan maganin ɓoyayyen kumburi, wato kumburin da ba ya fitowa fili amma yana cin jijiyoyin jini a hankali. Kumburin gaskiya ne. In sinadarin mata na istirojin ya ja baya, kitse kan koma ciki, kitsen ciki kuwa yana fitar da sinadaran da ke sa hanta ta ƙara samar da furotin ɗin CRP, wanda ake aunawa a jini don gane yawan kumburi a jiki. Abin dubawa shi ne ko kwalbar nan ta isa ta magance shi.

A juya bayan kwalba tukuna, don iri biyu ne a kasuwa, kuma gabansu kusan ɗaya. Na farko garin gangamau ne kawai aka ɗura a kafso. Kurkumin (curcumin), sinadarin da ake nema a cikin gangamau, bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na garin ba, don haka kafso mai miligiram 500 na ɗauke da abin da bai fi miligiram 25 ba. Wannan asarar kuɗi ce, gwangwanin gari a kasuwa ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Na biyu tatacce ne, za a ga an rubuta 95% kusa da kalmar curcuminoids. Tatacce ne aka yi galibin gwaje-gwaje da shi.

Inda tataccen ya fi nuna amfani shi ne ciwon gwiwa na zaizayewar guringuntsi. A wani gwaji da aka buga a 2014 daga ƙasar Tailan, mutum 367 aka raba gida biyu: wasu suka sha miligiram 1,500 na tataccen gangamau a rana, wasu miligiram 1,200 na ibuprofen. Bayan mako huɗu sauƙin ya yi kusan daidai, kuma masu gangamau sun fi ƙarancin ciwon ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai gyambon ciki ko hawan jini, wadda ibuprofen ke cutarwa. Amma batun sauke CRP, sakamakon gwaje-gwajen ya sha bamban, galibinsu ƙanana ne kuma na 'yan makonni.

Sashen da ya fi damunmu shi ne wanda 'yan talla suka fi yabo. Hanji ba ya tsotse kurkumin sosai, sai kamfanoni ke haɗa shi da sinadarin masoro, wanda ake rubutawa piperine ko BioPerine. Wani bincike na 1998 a Indiya ya nuna miligiram 20 nasa na ninka abin da ke shiga jini sau ashirin. Yana yin haka ne ta hanyar rage wa hanta da hanji saurin fitar da kurkumin, kuma nan matsalar take. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun janye wasu kayan gangamau bayan an samu masu kumburin hanta, sannan a Amurka an ba da rahoton mutum goma da hantarsu ta taɓu, yawancinsu mata masu matsakaicin shekaru, ɗaya ta rasu. Abin ba ya yawan faruwa. Sai dai a wurarenmu, inda mutane da dama ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba tare da sun sani ba, bai kamata a fara sha ba a yi gwajinsa da na ALT, wato awon jinin da ke nuna lafiyar hanta, ba. In fitsari ya yi duhu kamar shayi, ido ya yi rawaya irin na shawara, ko ƙaiƙayi da tashin zuciya suka zo, a ajiye kwalbar ranar, a tafi asibiti.

Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini kada ta taɓa shi sai da izinin likita. Haka mai tsakuwa a matsarmama, da wadda aka sa wa ranar tiyata. Mai zubar jini da yawa gab da ɗaukewar al'ada ma ta yi hattara, don kurkumin na iya riƙe sinadarin ƙarfe a hanji, ita kuwa dama jininta a ƙasa yake. A duba lambar NAFDAC, amma a sani lambar da ta ƙare da harafin L rajista ce ta cewa ana iya sayarwa, ba shaidar yana warkarwa ba.

Kafin kuɗin kwalba, a kashe na gwajin hs-CRP, wato awon jinin da ke gano CRP ko da kaɗan ne. Ƙasa da miligiram 1 a lita yana da kyau, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 ya hau. In ya wuce 10, galibi wata cuta ce mai ci yanzu, kamar zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyin mafitsara ko ruɓaɓɓen haƙori, sai a yi maganinta a sake awo bayan mako biyu. Dasashi mai zubar jini lokacin goge baki na cikin abubuwan da ake mantawa, alhali wankin haƙori a asibiti na rage wannan kumburin. Sai a ari tef ɗin tela a auna ƙugu tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. Santimita 80 gargaɗi ne, 88 kuwa ya kai a tashi tsaye. Rage kilo 4 zuwa 7 ga mai kilo 75, tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako, barcin awa bakwai, da musanya lemon kwalba da zoɓo marar sukari, hujjarsu kan sauke CRP ta fi ta kafson gangamau ƙarfi.

Hukuncinmu: ga mai ciwon gwiwa da hantarta ke lafiya, tatacce marar masoro, miligiram 500 sau biyu ko uku a rana tare da abinci mai ɗan mai, ya cancanci gwajin mako takwas. In gwiwar ba ta canja ba, kada a sayi kwalba ta biyu. Ga mai kasala da teɓa kawai, ba mu ba da shawarar sayensa ba. A fara da awon sukari, awon jini da na maƙoƙo, don ciwon sukari, ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo na cikin abubuwan da ke jawo irin wannan gajiyar a waɗannan shekaru.